Zumunci a Ƙafa Ya Ke: Jawabin Kwamitin Gini Ranar Aza Harsashin Masallaci

 

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Masu unguwanni, iyayenmu dattawa maza da mata, alhazai da hajiyoyin da suka buɗe hannu, samarinmu da suka kwana suna share wannan fili, da baƙinmu na kusa da na nesa.

Al'ada ce a irin wannan rana a karanta sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, a faɗi abin da aka tara da abin da ya rage. Ma'aji zai yi wannan in mun gama, kuma ba za a bar sunan kowa ba, daga mai buhunan siminti har mai kwanon gero. Mu abin da ya tsayar da mu a gabanku bashi ne na bayani da ku ke bin mu. Duk wanda ya ga zanen ginin nan ya lura mun bar haraba mai faɗi a gaba, mun kuma ware zaure guda a gefe, a daidai wurin da waɗansu daga cikin manyanmu suka ba da shawarar a jera shaguna. Shawararsu ba ta banza ba ce. Kuɗin hayar shaguna da shi a ke biyan wuta da ruwa, da shi a ke kyautata wa liman da ladan, kuma masallatai da yawa a birnin nan da haka su ke tafiya. Mun yi ta zama a kan wannan magana, an ɗaga murya, har akwai wanda ya tashi bai yi sallama ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan a bar filin. To, tun da da dukiyarku za a yi aikin, wajibi ne mu gaya muku dalili. Dalilin kuwa yana cikin tarihin birnin da mu ke zaune.

Jama'a, Kano taron baƙi ce tun fil azal. Wanda ya ke shakka ya bi lungunan cikin ganuwa ya saurari sunayen unguwanni. Ga Zangon Barebari, inda mutanen Barno su ke sauka. Ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarbawa, ga Agadasawa waɗanda asalinsu Agadas ne. Ga Dandalin Turawa, kuma yara su sani Turawan da a ke nufi a nan Larabawan arewacin Afirka ne masu fataucin hamada, tun ba a san Ingilishi ba. Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), malaman Madabo daga cikinsu su ke. Sharifai kuwa suna danganta kansu ga Shehu Magili, wanda ya sauka a nan zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Duk waɗannan sun zo da harshensu da abincinsu da irin ɗaurin rawaninsu, kasuwar Kurmi ta haɗa su, yau jikokinsu Kanawa ne da babu mai tambayarsu daga ina. Lalle a cikin masu sauraronmu yanzu akwai jinin kowane ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata.

Me ya riƙe su tare? Mai gaggawa zai ce ganuwa. Gaskiya ne ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134) ta tsare birni daga mahara. Amma ganuwa ba ta da magani ga wutar da ta tashi daga cikin gida. Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ba baƙi suka kawo shi ba. Tukur da Yusufu jikokin mutum ɗaya ne, watau Sarki Ibrahim Dabo, amma aka zubar da jini, aka raba gidaje, har tsofaffinmu da suka ji daga bakin iyayensu ba sa son tayar da zancen. A ganinmu abin da ya fi ganuwa riƙe Kano shi ne magabata sun tsayar da ranaku da wurare waɗanda dole mutum ya fito ya ga ɗan'uwansa ido da ido, ko yana sonsa ko yana fushi da shi.

Ku dubi bikin Salla. Masu tarihi suna danganta wa Rumfa fara fita Idi a fili, kuma har yau filin Idi na Ƙofar Mata shi ne inda attajirin Koki da marinin Ƙofar Mata da almajirin da ya zo jiya su ke tsayawa a sahu ɗaya. Wanda ya makara, komai girman rigarsa, a baya zai tsaya. Sa'an nan hawa ya biyo. Mutane da yawa sun ɗauka hawa kallon dawaki ne kurum, da lifidi da algaita da harbin 'yan bindiga. Wanda ya lura da hanyoyin da Sarki ya ke bi zai gane ziyara ce aka tsara ta daki-daki. A Hawan Daushe Sarki ya kan ratsa unguwannin birni ya je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, domin talaka ya gani da idonsa cewa wanda kowa ke faɗuwa ya gaishe shi, shi ma yana da wadda ya ke rusunawa a gabanta. Daga nan a dawo Ƙofar Kudu, hakimai su zo ɗaya bayan ɗaya da jama'arsu su yi jafi, kowa a gan shi, a san yana nan, a san kuma bai ɓalle ba. Ana ba da labari cewa sunan hawan ma daga wani bafade ne mai suna Daushe, wanda rashin lafiya ta hana shi hawa ran Salla, aka sake hawa washegari don kada ya ji an bar shi a baya. Ko da labari ne kawai, ya nuna irin tunanin mutanen da suka riƙe shi suna faɗa wa 'ya'yansu.

A Hawan Nassarawa kuwa Sarki ya kan fita bayan ganuwa, ya ziyarci gidan sarauta na Nassarawa inda waɗansu magabatansa su ke kwance, ya je Gidan Gwamnati, kana ya biyo ta Sabon Gari da Fagge. Wannan ratsawa ta Sabon Gari muna ganin ta fi kowane sashe na hawan nauyi. Inyamuri mai sayar da kayan mota da Bayarabe mai shagon magani su kan fito bakin titi da 'ya'yansu a kafaɗa su ɗaga hannu, Sarki ya ɗaga musu. Ba a yi wata doguwar magana ba, amma kowa ya fahimci cewa an ƙidaya shi cikin mutanen gari. Bayan wannan sai hawan Ɗorayi ko na Fanisau, inda a ke fita wajen mutanen karkara.

Ban da na Sarki, akwai tarukan da malamai da talakawa suka riƙe da kansu. Ran Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen Dala ya kan cika da yara da manya daga kowace fuska ta birni. A watan Rabi'us Sani a kan yi Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950, a taso daga Kabara a nufi maƙabartar Maigiginya. Kuma abin lura, masu fito da ruwan sha ƙofar gida don masu wucewa ba duka ne 'yan ɗariƙar ba. Azumi in ya kai goma yara su fito tashe, su yi wa malami da attajiri da gwauro ba'a a fuskarsu, a yi dariya a ba su sadaka. Ran cika-ciki taubasai su bi juna suna karɓar kuɗin shara. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafillace ya tsokani Babarbare, a faɗi maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alƙali, amma a rabu ana tafawa. Ƙasa da wannan duka akwai ciyayya, watau kwanon tuwo da ke fita daga wannan gida ya shiga wancan da magariba, da raɗin suna da sassafe, da zaman makoki. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa ya ke, ba su ce a zuciya ba, don sun san zuciya ta kan manta da wanda ido ya daina gani.

Bari mu kawo misali daga unguwar nan, ba tare da kama suna ba, masu shekaru sun san zancen. Gidaje biyu sun yi shekaru ba sa ga-maciji saboda indararo. Na wannan gida yana zuba a jikin katangar wancan, damina ta zo katanga ta zube, magana ta kai gaban mai unguwa, ta wuce har kotu. Matan gidajen suka daina aike, yara suka daina wasa tare. Abin da shari'a ba ta gama ba, jana'iza ta gama shi. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta rasu, aka fito da makara a lungu mai ƙunci, sai ga masu gidan nan biyu kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashinta, babu damar ɗaya ya kauce. Kafin a dawo daga maƙabarta sun gaisa. Bayan sadakar uku aka juya bakin indararon. Da a ce kowannensu yana da masallacinsa da jama'arsa da maƙabartarsa, da har yau jikokinsu suna gaba.

Kada a ce mun zo muna yabon kai. Birnin nan ya ga baƙaƙen ranaku, kuma duk tarukan da muka lissafa ba su hana su zuwa ba. A watan Mayu 1953 rigimar siyasa a kan lokacin karɓar mulkin kai ta zama faɗa tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, aka yi kwanaki ana kashe-kashe. A 1966 aka yi abin da ya fi wannan muni. An sake a Oktoba 1991, an sake a Mayu 2004 bayan abin da ya faru a Yelwa ta Jihar Filato. Amma a duba inda wutar ta fi kamawa: kan iyakar Sabon Gari da maƙwabtanta. Sabon Gari kuwa Turawan mulki ne suka kafa ta wajen 1913, suka zaunar da baƙin Kudu a can dabam, da dokarsu dabam. Baƙon da a zamanin da za a kai shi gidan fatoma a cikin birni, ya ci tuwon gidan, ya je sunan gidan, wata rana ya auri 'yar unguwa, sai ya zama ana haɗuwa da shi a kasuwa kaɗai. Ciniki kuwa ya kan haɗa aljihu, ba lalle ya haɗa zukata ba. Ratsawar Sarki ta ranar hawa ba ta isa ta cike wannan rami ita kaɗai ba.

Fitinar Maitatsine ta Disamba 1980 ita ma darasi ce ta wannan fuska. Kafin a ɗauki makami, abin da ya fara bayyana shi ne jama'ar Muhammadu Marwa sun ware kansu a 'Yan Awaki. Ba sa salla bayan kowa, ba sa yarda da Musuluncin kowa, suka mai da unguwa sansani wanda maƙwabci ba ya ratsawa. Aka daɗe ana gani ana kau da kai. Da abin ya fashe sai da soja suka shigo, kuma hukumar binciken da Mai Shari'a Aniagolu ya shugabanta ta ƙidaya mutum 4,177 da suka rasa rayukansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun kuma ga yadda Kanawa su ke yi in masifa ta sauka. A farkon Janairu 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur, an ga matasa Kirista sun tsaya gadi Musulmi suna salla, an kuma ga Musulmi sun tafi majami'un Sabon Gari ran Lahadi don kwantar da hankalin masu ibada. Ran Juma'a 20 ga wannan wata aka kawo hare-haren da suka ci rayuka aƙalla 185. Cikin kwanakin da suka biyo, marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero da Gwamna da malamai suka hallara a Babban Masallaci aka yi addu'a, alhali mutane na tsoron fita ƙofar gida. Ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari cikin Babban Masallacin kansa, wanda aka sabunta gininsa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. A cikinku akwai waɗanda suka ɗauki gawa a wannan rana, akwai waɗanda suka yi layi a asibiti don ba da jini ga wanda ba su sani ba. Aka wanke masallaci aka koma salla. Waɗanda suka kawo harin so suka yi mu ji tsoron taruwa, jama'a kuwa ba su ba su wannan ba.

To, ga abin da ya sa hankalinmu bai kwanta ba. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A wannan shekara ɗin kuwa, saboda saɓanin sarauta da ya taso a watan Mayu, 'yan sanda suka hana hawan Babbar Salla, aka kuma hana na Ƙaramar Salla a 2025. Ba mu da ta cewa a kan wannan saɓani, yana da masu shi, mu dai addu'a mu ke Allah ya daidaita tsakanin shugabanninmu. Tashe ma an sha dakatar da shi saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi su yi ƙwace. Ba mu ga laifin hukuma ba in ta tsare rai. Amma duk taron da aka rufe, ƙofa ce aka rufe wadda yaron wannan unguwa ke ganin yaron waccan ta cikinta. Ga faɗan daba yana cin samarinmu, yaro ya sari yaro don kawai an haife shi a bayan wancan lungu, alhali in aka bi salsala kakanninsu tare suka yi karatun allo. Manyan taruka ba a hannunmu su ke ba. Na unguwa kuwa a hannunmu su ke, kuma suna bukatar wurin da za a yi su. Birni ya cushe, zaurukan da aka san gidajen Kano da su an mai da yawancinsu shaguna ko ɗakunan haya, dandalin da mu ka yi wasa muna yara an gine shi. In mu ma mu ka gine wannan haraba, ina za a shimfiɗa tabarma?

Saboda haka ga alkawarin da kwamiti ya ɗauka a gabanku, a rubuta a ajiye, wanda ya ga mun saɓa ya tuna mana.

Zauren da ke gefe na sulhu ne. Tunanin ba namu ba ne, haka zaurukan masu unguwanni su ke tun da, kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo shirin A Daidaita Sahu a 2004, ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi da sunan Zauren Sulhu. (Yau in an ce a daidaita sahu yara babur mai ƙafa uku kawai su ka sani.) Mai unguwa da liman da dattawa za su riƙa zama a ciki bayan la'asar ran Asabar, rigimar kwata da ta gado da ta miji da mata a fara kawo ta nan kafin a kai ta gaba. Za a sa dattijai mata a cikin masu sauraro, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban maza zalla ba.

Harabar kuwa ta buɗa-baki ce a watan azumi, kowane gida ya fito da abin da ya sawwaƙa a ci tare, da ɗaurin aure da raɗin suna da sallar jana'iza ga duk wanda ƙofar gidansa ba ta da fili. Kashegarin kowace Salla dattawanmu za su ɗebi samari su kai gaisuwa unguwannin da ke maƙwabtaka da mu, mu kuma karɓi tasu a nan. Mun fi son a tafi da yaran da a ke kuka da su, ba na kirki kaɗai ba. Famfon alwala za a fito da baki ɗaya waje ta jikin katanga, mai ɗiba ya ɗiba, ba a tambayarsa addininsa ko garinsu.

Sauran magana ɗaya, kuma malamanmu su yi mana afuwa in mun yi karambani a gabansu. Wannan birni ya ga saɓanin malamai iri-iri. An yi na Salgawa da malaman Madabo a kan al'adun jana'iza, an yi na ƙabalu da sadalu har aka raba sahu, an yi na 'yan ɗariƙa da Izala bayan kafa ta a Jos a 1978, har uba da ɗa suka daina bin liman ɗaya. Mu ba malamai ba ne, ba za mu yanke hukunci a kan ko ɗaya ba. Abin da mu ka sani shi ne kuɗin ginin nan ya fito daga aljihun Baƙadire da Batijjane da ɗan Izala da wanda bai ɗauki kowane suna ba, kuma ma'aji bai ware su a littafinsa ba. Don haka ba za a rubuta sunan wata ƙungiya a jikin bangon nan ba. Mai saki da mai kamawa su tsaya a sahu ɗaya. Wanda aka ba lasifika ya karantar da abin da ya sani, amma kada ya kafirta maƙwabcinsa da ita. Mun tattauna wannan da malaman unguwa tun kafin yau, sun kuwa sa albarka.

Mun san tambayar da ta rage a zukatan alhazanmu: in babu shaguna, da me za a riƙe masallaci? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mu gama amsa ta ba. Abin da mu ke roƙo shi ne wanda Allah ya hore wa shago ko ɗaki a wani wuri ya yi waƙafin hayarsa ga masallacin, sauran jama'a kuma a ɗauki ɗan abin da za a iya bayarwa duk wata, komai ƙanƙantarsa. Ga waɗanda suka so shaguna aka ƙi shawararsu, muna ba su haƙuri a bainar jama'a, muna kuma shaida cewa ba su janye ko kwabo daga abin da su ka yi alkawari ba. Wanda ya tashi bai yi sallama ba ran nan, shi ne ya fara aiko da yashi. Allah ya saka masa da alheri, ya saka wa kowa.

Magina sun ce in kayan aiki ba su yanke ba za a kai ga linta kafin damina ta sauka, saboda haka ran Asabar mai zuwa akwai gayyar ɗiban ƙasa da jiƙa bulo, samari su fito da kwanon sarki da shebur bayan sallar asuba. Yanzu muna roƙon Malam ya buɗe mana da addu'a, sa'an nan mai girma Hakimi ya taso ya aza tubalin farko.